Yadda Za Ka Taka Mil 84 a Gefen Ganuwar Hadrian Don Tara Kuɗin Aikin Sa-kai a Ƙasar Waje

Wanda ya zauna a Birtaniya ko da shekara guda ce, da wuya a ce ba a taɓa miƙo masa takarda a wurin aiki ko a makaranta ba, ko a turo masa saƙo a waya, ana cewa wane zai yi tattaki daga gari kaza zuwa gari kaza, a daure a sa masa wani abu. Al'ada ce da ta zauna a ƙasar. Mutum ya ɗora wa jikinsa wahala a bainar jama'a, jama'a kuma su ba da kuɗi don wani aikin alheri da ya ambata. Matasa da yawa ta wannan hanya suke haɗa kuɗin zuwa aikin sa-kai a wata ƙasa: koyarwa, aikin ruwan sha, taimaka wa ƙananan asibitoci ko ƙungiyoyin manoma.

Na rubuta wannan ne don ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ke zaune a Birtaniya, ɗalibi ko ma'aikaci, wanda ya ƙudurta yin haka. Na zaɓi hanyar ganuwar Hadrian a arewacin Ingila saboda na taka ta da ƙafata, kuma tsawonta ya isa a kira shi wahala ba tare da ya fi ƙarfin mai fara koyo ba. Abu guda nake so ka riƙe tun daga nan: daga ranar da mutum na farko ya sa maka fam biyar, tafiyar ta tashi daga yawon buɗe ido, ta zama amana. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan suka ginu.

Kafin takalmi, fara da tambayar ina za ka

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara ɗokin tattakin, a bar binciken ƙungiyar da za ta tura ka. Juya lissafin. Nemi lambar rajistar ƙungiyar, ka duba ta a shafin hukumar da ke kula da ƙungiyoyin agaji ta Ingila da Wales, wato Charity Commission. A can za ka ga rahoton kuɗinsu na shekara da sunayen amintattunsu. Idan ba su da rajistar agaji, to mai yiwuwa kamfanin tafiye-tafiye ne mai neman riba. Wannan ba laifi ba ne a kan kansa, amma dole masu ba ka kuɗi su sani.

Sannan ka tambaye su a rubuce: cikin kuɗin da zan biya, nawa ne na jirgi, nawa ne na masauki da abinci, nawa ne yake shiga aikin da kansa, nawa ne na ofishinku? Wa ya nemi a kawo 'yan sa-kai, mutanen garin ne ko ku? Aikin da zan yi, babu ɗan garin da zai iya yin sa a biya shi? Wannan tambaya ta ƙarshe tana da nauyi a wurina. Mu da muka fito daga ƙasashen da ake tura 'yan sa-kai, mun san yadda ake ji idan yaron da bai taɓa riƙe cebur ba ya zo gina aji, alhali ga magina suna zaune a bakin kasuwa ba aiki.

Ka nisanci duk shirin da zai kai ka gidan marayu ka yi mako biyu kana rungumar yara ka tafi. Gwamnatin Birtaniya da kanta tana gargaɗi a kan haka a cikin shawarwarin tafiye-tafiyenta, domin an gano cewa a wasu ƙasashe ana raba yara da iyayensu don a cika gidajen, a jawo kuɗin baƙi. Ƙungiyar kirki, idan aikin ya shafi yara, ita za ta fara neman takardar binciken 'yan sanda a kanka.

Don ka gane yadda tsarin kirki yake: VSO, ƙungiyar Birtaniya mai tura 'yan sa-kai ƙasashen waje, wadda Alec da Mora Dickson suka kafa a 1958, ta daɗe tana aiki a Nijeriya da Ghana, kuma ƙwararrun da take turawa ita ke ɗaukar nauyin jirginsu da masaukinsu. Akwai kuma shirin ICS da gwamnati ta fara a 2011 don matasa 'yan shekara 18 zuwa 25, inda ake haɗa matashin Birtaniya da takwaransa ɗan ƙasar da aka je su yi aiki tare. A wancan shirin ana neman matashi ya tara fam 800 kafin tafiya. Shirin ya tsaya bayan annobar korona ta 2020, amma salonsa ya cancanci ka auna kowace ƙungiya da shi.

Lissafi a buɗe

Da zarar ka samu takardar karɓa, zauna ka rubuta kasafi kashi biyu. Kashi na farko na aikin sa-kan ne: kuɗin shiri, jirgi, biza, inshora, allurar rigakafi (ƙasashe da dama ba za su bari ka shiga ba sai da katin allurar shawara). Kashi na biyu na tattakin ne: jirgin ƙasa zuwa Newcastle, kwana shida na masauki, abinci, takalmi. Shawarata, kuma ina tsaye a kanta, kashi na biyu ya fito daga aljihunka. Mutumin da ya ba ka fam goma don yaran makaranta bai ba ka don ka sayi takalmi ba. Idan babu yadda za ka yi, to ka faɗa ƙarara tun farko.

Tsawon hanyar yana sauƙaƙa roƙon. A ce kana neman fam 1,680: fam 20 ke nan a kan kowane mil. Sai ka yi jadawalin mil 84, kowa ya ɗauki nasa. Wani ya ɗauki mil ɗaya, abokai huɗu su haɗu a kan ɗaya, mai hali ya ɗauki biyar. Mutane sun fi sakin hannu idan sun san ga takamaiman abin da suka ɗauka.

Wajen karɓar kuɗin, akwai bambanci da ya kamata ka fahimta. Idan ka buɗe shafi a JustGiving, dandalin tara gudummawa na intanet, da sunan ƙungiyar mai rajista, kuɗin kai tsaye wurinta suke zuwa, ba sa bi ta hannunka. A nan ne tsarin Gift Aid yake aiki: duk fam 4 da mai biyan haraji a Birtaniya ya bayar, ƙungiyar za ta karɓo ƙarin fam 1 daga hukumar haraji. Amma wanda ba ya biyan haraji a ƙasar, kamar ɗalibin da ba ya aiki ko kawunka da ke Zariya, kada ya danna akwatin Gift Aid da ke shafin. Haka kuma idan kuɗin za su biya kuɗin tafiyarka ne, gudummawar iyayenka da 'yan'uwanka na jini da matarka ko mijinki galibi ba ta shiga tsarin, don haka tambayi ƙungiyar kafin ka yi wa kowa bayani. Idan kuwa shafin kanka ka buɗe, a GoFundMe ko makamancinsa, babu Gift Aid sam, kuma nauyin kowace fam yana wuyanka.

'Yan gida za su so su sa hannu da naira ko sefa. Ware asusu guda don wannan kaɗai, kada ya cakuɗa da kuɗin cefane. Rubuta suna, adadi, rana, da farashin canji a ranar da ka canza. Wanda ya tambaye ka ko zai iya ba da zakkarsa, kada ka yanke hukunci da kanka, tura shi wurin malami. Kuma kada ka ɗauki bokiti ka tsaya a titi kana karɓar kuɗi: a Ingila wannan yana buƙatar lasisi daga hukuma.

Jimla ɗaya kuma dole ta kasance a shafinka tun ranar farko: abin da zai faru da kuɗin idan tafiyar ta fasa. Waɗanda suka tara kuɗi a farkon 2020 sun ga yadda aka rufe filayen jirgin sama cikin 'yan kwanaki. Rubuta ko za ka mayar wa kowa nasa, ko za a bar wa ƙungiyar.

Hanyar kanta

Sarkin Rumawa Hadrian ne ya sa aka fara ginin ganuwar a shekara ta 122, ta ratsa ƙasar daga gabas zuwa yamma, kimanin mil 73. Hanyar ƙafa da ke binta, wadda aka buɗe a 2003, mil 84 ce, kilomita 135, daga Wallsend a gabashin Newcastle zuwa ƙauyen Bowness-on-Solway a bakin ruwan yamma. Wanda ya taso yana ganin badala a Kano zai gane abin da sauri: ƙofofi, wuraren tsaro, rami a waje. Sai dai wannan ta dutse ce, kuma a gefuna biyu na hanyar yawancinta ta ɓace, mutane sun kwashe duwatsun sun yi gini da su tun ƙarnuka. A tsakiya ne za ka gan ta sosai.

Rabon da aka saba shi ne kwana shida. Ranar farko Wallsend zuwa Heddon-on-the-Wall, kimanin mil 15, yawanci a kan kwalta a gefen kogin Tyne. Ta biyu zuwa Chollerford, wajen mil 15 kuma, ta gonaki. Ta uku zuwa Steel Rigg, mil 12 ko ɗan fiye. Ta huɗu zuwa wajajen Walton, kimanin 16. Ta biyar zuwa Carlisle, 11. Ta shida zuwa Bowness, kusan 15. Idan ba ka saba ba, mai da shi kwana bakwai, ka raba tsakiyar gida uku. Babu wanda zai janye gudummawarsa don ka ƙara kwana.

Kada ranar uku ta ruɗe ka don milinta kaɗan ne. Daga wajen Housesteads, wani tsohon sansanin sojan Rumawa, hanyar ta hau kan duwatsu, hawa da gangara ba hutu, wasu wuraren matakala ce ta dutse mai santsi idan an yi ruwa. A nan ne Sycamore Gap yake, wurin da wani sanannen itace ya kasance, wanda aka sare da dare a watan Satumba na 2023, yanzu kututturen ne za ka tarar. Washegari da safe za ka hau Winshields Crags, wuri mafi tudu a hanyar, mita 345. Wajen auna lokaci, masu hawan dutse suna amfani da wani tsohon ma'auni: awa ɗaya ga kowane mil uku, a ƙara awa ɗaya ga kowane hawan mita 600. Kai ka ƙara lokacin salla da cin abinci da gajiya a kai.

Ranar ƙarshe shimfiɗe take, amma tana da nata haɗarin. Tsakanin Burgh by Sands da Bowness hanyar ta bi ta fadamar bakin teku, kuma idan teku ya cika sosai ruwa yana shafe titin. Duba jadawalin cikar teku kafin ka bar Carlisle, akwai kuma allunan gargaɗi a wurin. Idan ka tarar da ruwa, jira ya janye.

Lokacin tafiya shi ne daga Mayu zuwa Oktoba. Masu kula da hanyar suna roƙon a guji yin doguwar tafiyar da hunturu, domin ƙasa tana jiƙewa, ƙafafu kuma suna lalata kayan tarihin da ke binne. A waɗannan watanni ne ake amfani da wani ɗan fasfo na hanyar, wanda ake buga wa hatimi a wurare bakwai, ciki har da Segedunum a Wallsend, Chesters, Housesteads, Birdoswald da Bowness. Saye shi. Shi ne shaidarka ga waɗanda suka ba ka kuɗi. Wasu sun fi son farawa daga yamma don iska ta riƙa tura su ta baya, tunda yawanci daga can take kaɗawa. Ni daga gabas na fara, don na fi son in gama da kwaltar birni tun ƙafata tana da ƙarfi.

Kama masauki da wuri, musamman a tsakiya inda gidajen kwana ba su da yawa. Akwai masaukin matasa mai sauƙin kuɗi a The Sill, kusa da Steel Rigg. A Ingila ba a kafa tanti a gonar mutum sai da izininsa, don haka mai tanti ya nemi filayen da aka ware. Akwai motar haya mai lamba AD122 da ke zirga-zirga a tsakiyar hanyar, tana da amfani idan masaukinka ya yi nisa da inda ka tsaya. In ka hau ta da yamma, washegari ka koma daidai inda ka tsaya ka ci gaba. Mil ɗin da ka tsallake na wani ne da ya biya.

Horar da ƙafa

Ba wa kanka wata uku. Makonni huɗun farko, tafiyar awa ɗaya sau uku a mako, da ta mil 6 zuwa 8 a ƙarshen mako. Wata na biyu ka kai doguwar zuwa mil 12, da jakar goyo a bayanka, kuma ka nemi tudu. In garinku shimfiɗe ne, matakalar bene ta wadatar. A wata na uku ka yi abin da ya fi komai muhimmanci: mil 14 ranar Asabar, mil 14 ranar Lahadi. Tafiyar yini guda kowa zai iya. Tashi da safe a sake sa takalmi a kan ƙafar da ta kwana tana zogi, shi ne abin da ake koya. Makon ƙarshe ka huta. Mai ciwon suga, hawan jini ko ciwon gwiwa ya ga likita kafin ya fara.

Takalmin da za ka tafi da shi, da shi za ka yi duk horon. Sayi wanda ba ya shan ruwa, ya ɗan fi ƙafarka girma, domin ƙafa tana kumbura da yamma. Sai safa. A nan ni na yi kuskure. Na kula da takalmi, na raina safa, na tafi da irin ta auduga da nake sawa zuwa aiki. A rana ta biyu ciyawa ta jiƙa ni tun da safe, audugar ta riƙe ruwan. Na ji ɗan zafi a diddigen hagu wajen azahar, na ce bari in kai masauki. Da na isa Chollerford na cire safar, bororo ya tashi kamar ƙwallon dabino, gefensa ya fashe ya manne da zaren. Washegari a kan duwatsun nan na riƙa taka gefen ƙafa, kafin la'asar gwiwar dama ta ɗauka. Da na tsaya minti biyar na manna filasta lokacin da na fara jin zafin, da ban sha wannan ba. Sayi safar ulu ta masu tattaki, ƙafa uku, ka canza da rana idan ta jiƙe.

A jaka: rigar ruwa da wandonta ko da gari ya waye tas, riga mai ɗumi, ruwa lita biyu, filastar bororo, tocila, batirin cajin waya, da taswirar takarda, domin akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa. Dabino, gyaɗa da ƙuli-ƙuli sun fi biskit riƙe ciki. Abincin halal yana da sauƙi a Newcastle da Carlisle, amma a ƙauyukan tsakiya kifi da ƙwai da kayan lambu ne mafita, shaguna kuma suna da nisa, don haka yi guzuri. Akwai kamfanonin da ke kai babbar jaka daga masauki zuwa masauki. Ba ha'inci ba ne, alkawarin tafiya ka yi, ba na dako ba.

A kan hanya

Fita da wuri. Da bazara rana tana fitowa tun wajen ƙarfe huɗu da rabi a can arewa, ba ta faɗuwa sai kusan goma saura, don haka lokutan salla sun sha bamban da na gida. Sauke jadawalin yankin, ka ɗauki 'yar sallaya mara nauyi, ka kuma tambayi malaminka hukuncin ƙasaru da haɗa salla kafin ka tashi.

Kada ka hau kan ganuwar, ko don hoto. Bar kowace ƙofar gona yadda ka same ta. Za ka ratsa garken tumaki da shanu. Saniya mai ɗan maraƙi a ba ta hanya, a wuce a natse. Da dare duba ƙafafunka da bayan gwiwa saboda kaska, tana ɗauke da cuta a waɗannan wurare. Wani ya san inda za ka kwana kullum da lokacin da ya kamata ka isa. Idan hatsari ya faru a kan duwatsu, kira 999, ka nemi 'yan sanda, ka ce a haɗa ka da masu ceto a tsaunuka. In da hali ku tafi ku biyu. 'Yan'uwa mata da na sani sun fi samun kwanciyar hankali, su da iyayensu, idan sun haɗa ayari.

Kowace yamma tura gajeren saƙo ga masu gudummawa: inda ka kai, hoton hatimin ranar, da godiya ga waɗanda aka taka milinsu, sai wanda ya ce a sakaya sunansa. Wasu daga cikinmu suna jin nauyin wannan, suna tsoron riya. Na fahimce su. Amma akwai bambanci tsakanin tallar kai da ba da bahasi ga wanda ya ba ka amanar kuɗinsa, kuma niyya tana zuciya. Sau da yawa ma a kwanakin tattakin ne waɗanda suka yi alkawari suka manta suke tunawa su biya.

Idan jiki ya ƙi, tsaya. Faɗa wa mutane gaskiya, ka ce na kai mil kaza, ga dalili, zan dawo in ƙarasa a rana kaza, wanda yake son a mayar masa da kuɗinsa ya yi magana.

Bayan Bowness

A ƙarshen hanyar akwai wata 'yar rumfar katako da ke kallon ruwa, Scotland tana tsallake. Motar haya daga ƙauyen zuwa Carlisle ba ta da yawa, duba lokacinta tun kafin ranar. Cikin mako guda ka fitar da lissafi: abin da ya shigo ta intanet, abin da ya shigo hannu, abin da aka canza daga naira, abin da shafin ya cire na cajinsa, da rasit ɗin da ƙungiyar ta ba ka. Idan kuɗin sun haura abin da ka nema, faɗi inda rarar ta tafi. Dattawan da ba sa shiga intanet, kira su ɗaya bayan ɗaya.

Sauran bahasin sai ka isa ƙasar da za ka yi aikin. Rubuto wa mutanenka sau ɗaya a tsakiyar zamanka, sau ɗaya bayan ka dawo: me aka ce za ka yi, me ka yi a zahiri, me bai yiwu ba, wa ya ci gaba da aikin bayan tafiyarka. Kada ka ɗauki hoton yaro ko mara lafiya ba da izinin iyaye ko mai jikin ba, kuma kada ka sa hoton da kai ba za ka yarda a sa na ƙaninka a cikin irin wannan hali ba. Ajiye rasitai da fasfon hatimin nan a ambulan guda, aƙalla shekara ɗaya, ko da wani zai tambaya.